FELA ANIKULAPO KUTI (1938-1997): MAKAƊIN IKKO DA FAYA-FAYANSA

Cikin shekarun nan kamfanonin kiɗa na Turai da Amurka sun koma buga baƙin faifai irin na garmaho, wanda jama'a suka ɗauka kaset ta rigaya ta binne shi. Tsofaffin kaɗe-kaɗen rawa na shekarun 1970 da 1980, wato fank da disko da bugi, su ne aka fi tonowa ana sake bugawa. Daga cikin makaɗan Afirka da ake sabunta aikinsu haka, babu wanda sunansa ya kai na Fela Anikulapo Kuti, mutumin Nijeriya, wanda ya rasu a shekara ta 1997. Ga tarihinsa, da tarihin faya-fayan da suka jawo masa suna, suka kuma jawo masa duka da gobara da kaso.

GIDAN DA YA FITO

An haifi Fela ran 15 ga watan Oktoba 1938 a Abekuta, cikin ƙasar Yarbawa. Sunan da aka raɗa masa Olufela Olusegun Oludotun Ransome-Kuti. Gidansu gidan ilmi ne sananne. Ubansa, Israel Ransome-Kuti, limamin Kirista ne, shugaban babbar makarantar Abekuta, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Nijeriya. Mutum ne mai horo da tsanani, a makaranta da a gida. Ya rasu a 1955, Fela yana saurayi.

Uwarsa, Funmilayo, ta fi mijinta suna. Ita ta haɗa kan matan kasuwar Abekuta suka ƙi harajin da aka aza wa mata zamanin mulkin Ingilishi. Suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada, dubban mata, har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Fela yana yaro ya ga wannan da idonsa. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ko sha'anin faifai ma gado ne a gidan. Kakansa, Josiah Ransome-Kuti, ya tafi Landan a 1922, kamfanin Zonophone ya ɗauki muryarsa yana rera waƙoƙin ibada da Yarbanci. Yana cikin ƴan Nijeriya na farko da muryarsu ta hau faifai.

Wansa Olikoye da ƙanensa Beko duk likitanci suka karanta. Shi Fela tun yana makaranta hankalinsa yana wajen kiɗa, har ya taɓa yin waƙa cikin ƙungiyar Victor Olaiya a Ikko, wato Legas. A 1958 ya tafi Landan, ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Trinity, ya koyi busa ƙahon Turawa. Can ya kafa ƙungiyarsa mai suna Koola Lobitos, can kuma ya auri Remilekun Taylor, uwar ƴaƴansa uku na fari, Yeni da Femi da Sola.

YADDA FANK YA SHIGO IKKO

Ya komo gida a 1963, ya kama aiki a gidan rediyon Nijeriya, da dare kuma yana wasa a gidajen rawa. Kiɗan da ake yayi lokacin nan shi ne hailaf, wanda ya taso daga Gana. Fela ya so ya gauraya shi da jaz irin wanda ya jiyo a Landan, amma masu rawa ba su karɓe shi sosai ba. Ribar da ya samu a shekarun nan ita ce haɗuwarsa da wani saurayi mai kaɗa gangunan Turawa, Tony Allen, wanda ya zauna tare da shi kimanin shekara 15.

Ana cikin haka sai wani sabon kiɗa ya taso daga baƙaƙen fatar Amurka. James Brown ne ubansa. Cikin faya-fayansa irin su Papa's Got a Brand New Bag na 1965 da Cold Sweat na 1967, ya mai da kowane abin kiɗa kamar ganga: jita tana sara gajere-gajere, babbar jita mai kaurin murya tana nanata zance guda, masu busa suna sukar kiɗan lokaci-lokaci, nauyin duka kuma yana sauka bisa bugun farko. Wannan shi ne fank. Daga jikinsa disko ya fito a shekarun 1970, daga baya kuma bugi.

Wani mawaƙin Saliyo, Geraldo Pino, ya iso Ikko da irin wannan kiɗa, da manyan na'urorin ƙara murya da ba a saba gani ba. Samari suka watse daga wajen masu hailaf suka koma wajensa. Fela ya gane in bai samo kiɗan kansa ba, to kasuwarsa ta ci. Cikin tafiye-tafiyensa zuwa Gana a ƙarshen shekarun 1960 ya raɗa wa abin da yake nema suna Afrobit, wato bugun Afirka. Suna ya samu tukuna, kiɗan bai nuna ba.

A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya, ya kwashi ƙungiyarsa suka tafi Amurka. Suka yi kamar wata goma, yawanci a birnin Los Anjelis, cikin talauci, ba takardar izinin aiki. Can ya gamu da wata baƙar Ba'amurkiya, Sandra Smith, mai bin ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata ta Black Panther. Ita ta ba shi littafin tarihin Malcolm X da waɗansu littattafai kan tarihin Afirka. Ɗan Afirka ya je Amurka, can aka koya masa darajar Afirka. Ya bar waƙoƙin soyayya da na annashuwa, ya juya ga halin da talaka yake ciki. Ya sake wa ƙungiyar suna Nigeria 70, suka yi gaggawar ɗaukar waƙoƙi kafin hukumar shige da fice ta tilasta musu barin ƙasar.

KIƊAN DA YA CIKA FAIFAI

Da ya komo Ikko a 1970 ƙungiyar ta zama Africa 70. Cikin watan Disamba na shekarar James Brown da kansa ya zo wasa Nijeriya, makaɗansa kuma, har da saurayin nan mai babbar jita Bootsy Collins, suka je gidan rawan Fela suka saurara. Sun tarad da kiɗan da ya ɗebi wani abu daga nasu, amma ya tsaya bisa ƙafafunsa. A 1971 faifansa Jeun Ko Ku ya watsu ko'ina cikin ƙasa. Shekarar nan kuma ya ɗauki faifai a Landan tare da Ginger Baker, shahararren makaɗin ganguna na Ingila.

Ya kamata mai karatu ya san yadda babban faifai yake, don shi ne ma'aunin kiɗan Fela. Faɗinsa santimita 30. Yana kewayawa sau 33 da ɗan ɗori cikin minti guda, allura tana bin wani siririn zane da ya naɗe daga baki zuwa tsakiya. Kowace fuska tana ɗaukar kiɗan kamar minti 20. Sauran mawaƙa sukan jera waƙa biyar ko shida a fuska guda. Fela waƙa ɗaya yakan shimfiɗa ta cinye fuskar duka, wani lokaci ma sai an juya faifan kafin a ji ƙarshenta.

Ginin waƙar kuwa sannu-sannu ne, kamar ginin soro. Ganguna da kaɗe-kaɗen hannu su fara. Jita biyu su shigo, kowace da ɗan zancenta da take maimaitawa, suna saƙa da juna. Sai masu busa su taso gaba ɗaya. Sai shi Fela ya ɗauki saksofon ko ya zauna ga ogan. Sau da yawa sai an yi minti goma ana rawa kafin ya buɗe baki. In ya fara waƙa, ƴan amshi mata suna karɓa masa. Tony Allen yana ƙarƙashin wannan duka, hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne da nasa bugun. Da Turancin buroka Fela ya zaɓi ya riƙa waƙa, wanda ɗan dako da direba da ƴar kasuwa suke ji, Bayarabe ne ko Ibo ko mutumin Gana ko na Kamaru.

Yana da wata al'ada da ta bambanta shi da sauran mawaƙa. Sabuwar waƙa sai ya yi watanni yana kaɗa ta a gidan rawansa, wanda ya kira Shrine, har ta nuna. Ranar da ta hau faifai kuwa ya gama da ita ke nan, ba ya ƙara kaɗa ta a gaban jama'a kome roƙon da aka yi masa. Saboda haka wanda ke son jin Shakara ko Lady na 1972, ko Gentleman na 1973, ba shi da hanya sai faifai.

Rigar faifan ma wata jarida ce. Wani saurayi mai zane, Lemi Ghariokwu, ya fara yi masa zane a 1974, ya yi riguna 26. Yakan cika takardar da hotunan ƴan sanda da kulake, da manyan mutane masu tumbi, da talakawa cunkushe cikin motar haya. Wanda bai iya karatu ba ma, in ya duba rigar ya san inda waƙar ta dosa.

JAMHURIYAR KALAKUTA

Gidan da yake zaune a unguwar Mushin, kan hanyar Agege, ya cika da makaɗa da ƴan rawa da samari marasa wurin kwana. Akwai ɗakin ɗaukar murya a ciki, akwai ɗan asibiti da ƙanensa Beko yake duba marasa lafiya. Ba a ɓoye shan tabar wiwi a gidan, shi kansa mai gidan a fili yake sha. Wannan ya ba hukuma ƙofar shiga.

Ran 30 ga watan Afrilu 1974 ƴan sanda suka kama shi, suka tsare shi a ofishinsu na Alagbon Close. Da ya fito sai ya yi faifai mai wannan suna, ya bayyana abin da ake yi wa tsararru a wurin. Wani kamun kuma ya haifi faifan Expensive Shit na 1975. Labarin da faifan ya bayar shi ne, ƴan sanda sun zo da ƙullin wiwi don su ce nasa ne, ya fizge ya haɗiye, suka tsare shi suna jiran ya zagaya su sami shaida, ƴan'uwansa fursuna suka taimake shi har likita bai ga kome ba. Ikko duka ta yi dariya, ƴan sanda kuwa suka ƙulla.

Ya kewaye gidan da waya, ya ba shi suna Jamhuriyar Kalakuta, sunan wani ɗakin kaso da aka taɓa kulle shi ciki, ya ce gidan ƙasa ce mai cin gashin kanta. A 1975 ya yar da sunan Ransome, ya ce sunan bauta ne, ya ɗauki Anikulapo, wanda ma'anarsa da Yarbanci ita ce mai ɗauke da mutuwa cikin jakarsa.

A 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed, Janar Olusegun Obasanjo ya hau. Shi ma mutumin Abekuta ne. Shekarar nan Fela ya fitar da Zombie. Cikin faifan ya kwatanta soja da gawa mai tafiya, wadda ba ta motsi sai an ba ta umurni, ba ta kuma tambayar dalili. Kiɗan yana da zafi, yana kwaikwayon faretin bariki. Yara suka riƙa bin sojoji a titi da wannan suna, suna saɓa sanda a kafaɗa. A farkon 1977 Nijeriya ta karɓi babban bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Fela ya janye daga shirin bikin, ya ce ɓarnar dukiya ce, ya riƙa nasa wasan kowane dare a Shrine. Manyan baƙi daga ƙasashen waje, har da Stevie Wonder, suka riƙa zuwa can suna jin yana zagin gwamnatin da ta gayyato su.

Kwana shida bayan rufe bikin, ran 18 ga watan Fabrairu 1977, soja kamar dubu suka kewaye Kalakuta. Suka fasa waya suka shiga, suka doki duk wanda suka samu, suka ci mutuncin mata. Fela ya sha dukan da ya kusa kashe shi, Beko ma aka ji masa rauni. Tsohuwa Funmilayo, tana da shekara 76, aka jefo ta ta taga daga bene. Aka sa wa gidan wuta. Asibitin ya ƙone, kayan kiɗa suka ƙone, haka nan zarurrukan asali da aka ɗauki waƙoƙi a kansu, waɗanda daga jikinsu ake buga faifai.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin ya ce wani soja da ba a san ko wane ne ba shi ya sa wutar. Iyalin suka kai ƙara suna neman diyyar Naira miliyan 25, kotu ta kori ƙarar. Funmilayo ba ta ƙara lafiya ba, ta rasu ran 13 ga watan Afrilu 1978. Matar da ta sauke sarki don haƙƙin mata, ƙarshenta ke nan a hannun sojan ƙasar da ta yi wa gwagwarmayar samun mulkin kai.

Fela ya mai da martani da abin da ya iya. Ya yi Sorrow Tears and Blood, ya yi Unknown Soldier, inda ya ba da labarin ranar daki-daki. A ƙarshen watan Satumba 1979, ana gab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, ya ɗauki akwatin gawa shi da mutanensa, suka kai ƙofar barikin Dodan, mazaunin shugaban ƙasa, suka ajiye. Faifan Coffin for Head of State labarin wannan rana ne.

ABIN DA AKA ZARGE SHI DA SHI

Tarihin mutum ba ya cika in an faɗi rabi an bar rabi. Ran 20 ga watan Fabrairu 1978 Fela ya auri mata 27 rana ɗaya, yawancinsu ƴan amshi da ƴan rawansa waɗanda suka sha wuya tare da shi ranar gobara. Shi ya ce don ya kare mutuncinsu ne daga bakin mutane. Da yawa ba su karɓi wannan hujja ba, musamman da yake cikin waƙoƙi irin su Lady da Mattress ya nuna ra'ayin da ke ƙasƙantar da mace, ra'ayin da ya saɓa wa aikin uwarsa. Cikin Shuffering and Shmiling na 1978 ya soki shugabannin addinin Kirista da na Musulunci gaba ɗaya, ya zarge su da jin daɗi alhali mabiyansu suna wahala. Wannan ya sa masu ibada da dama, kudu da arewa, suka juya masa baya. Shan wiwinsa a bainar jama'a kuma ya sa iyaye suna hana ƴaƴansu zuwa Shrine.

Makaɗansa ma sun koka da shi kan kuɗi. A watan Nuwamba 1978 suka yi wasa a bikin jaz na Berlin, a Jamus. Da aka gama sai yawancin ƙungiyar suka watse, don sun ji kuɗin wasan siyasa za a zuba su. Tony Allen ya rabu da shi daga nan. Fela ya kafa jam'iyya mai suna Movement of the People, ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi wa jam'iyyar rajista. Ya tara sababbin makaɗa ya kira su Egypt 80.

Lokacin nan disko da bugi sun mamaye gidajen rawa na Ikko. Samari irin su Kris Okotie da Felix Lebarty suna fitar da gajerun waƙoƙin soyayya da kayan kiɗa na lantarki, suna samun kasuwa. Fela bai bi su ba. Iyakar kusantarsa da wannan yayi ita ce aikinsa da Roy Ayers, Ba'amurken da masu rawan fank da disko suke ji da shi. Sun zagaya garuruwan Nijeriya tare a 1979, suka fitar da faifan Music of Many Colours a 1980.

KASO DA CIWO

Ran 4 ga watan Satumba 1984, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, aka kama shi a filin jirgin saman Ikko yana shirin tafiya wasa Amurka. Laifin da aka ɗora masa shi ne fita da kuɗin waje, fam 1,600, ba bisa ƙa'ida ba. Kotun musamman ta yanke masa shekara biyar. Aka yi ta yawo da shi gidajen kaso, har da na Maiduguri, nesa da iyalinsa. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauki maganarsa, ta ce don ra'ayinsa aka ɗaure shi. Yana ɗaure aka fitar da faifansa Army Arrangement a ƙasashen waje, bayan wani Ba'amurke, Bill Laswell, ya sassake shi ya ƙara masa kayan lantarki don ya shiga kasuwar rawa ta lokacin. Fela bai ji daɗin wannan aiki ba ko kaɗan.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake shi ran 24 ga watan Afrilu 1986, bayan wata 20. Da fitowarsa ya saki matan da suka rage tare da shi. Ya koma fagen wasa a Turai da Amurka, ya yi Teacher Don't Teach Me Nonsense a 1986, da Beasts of No Nation a 1989, wanda ya soki mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu da shugabannin Turai da Amurka masu goya masa baya. Faifansa Underground System na 1992 juyayin abokinsa ne Thomas Sankara na Burkina Faso, wanda aka kashe a 1987. Kamu bai ƙare ba. A 1993 aka tsare shi kan zargin kisan kai, zargin bai tabbata ba. A 1997, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sake kama shi.

Jikinsa ya rigaya ya lalace lokacin nan. Ya ƙi maganin asibiti, ya kuma daɗe yana musun cewa akwai ciwon sida. Ya rasu a Ikko ran 2 ga watan Agusta 1997, yana da shekara 58. Kashegari wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ministan lafiya na Nijeriya daga 1985 zuwa 1992, ya tara ƴan jarida ya sanar da cewa sida ce ta kashe ƙanensa. A zamanin da iyalai suke ɓoye wannan ciwo saboda kunya, likitan ya zaɓi ya faɗa don jama'a su farga. An ajiye gawar a dandalin Tafawa Ɓalewa, jama'a dubbai bisa dubbai suka yi layi suna wucewa, aka binne shi ran 12 ga Agusta a ƙofar gidansa na Ikeja. Gidan ya zama gidan tarihi a 2012.

FAIFAI YA KOMO

Sa'ad da Fela ya rasu, sana'ar faifai ta rigaya ta mutu a Nijeriya. Kaset mai arha, da masu kwafe ta ba izini, da faɗuwar darajar Naira, sun kori manyan kamfanonin Turai da suke bugawa a Ikko. Tsofaffin faya-fayai suka koma ƙarƙashin gado da bayan shaguna, zafi yana tanƙwara su, ƙura tana cin zanensu. Waƙar da mai ita ya daina kaɗawa, aka ƙone zarenta na asali, in faifanta ya lalace ta tafi ke nan.

Ba haka ta kasance ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara sake fitar da aikinsa a Faransa bisa ƙaramin faifan CD. Masu sa kiɗa a gidajen rawa na Landan da Paris da New York suka shiga neman faya-fayan asali, suna biyan kuɗi masu yawa. Waɗansu ƙananan kamfanoni suka tashi, aikinsu shi ne tono tsohon kiɗan rawa na Afirka, su nemo masu shi ko magadansu, su gyara muryar, su sake bugawa. Strut ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70 a 2001. Soundway ya fitar da Nigeria Disco Funk Special a 2008, da Doing It In Lagos a 2016, wanda ya tattara bugi da diskon shekarun 1980. Luaka Bop ya farfaɗo da sunan William Onyeabor na Inugu a 2013. Guguwar ta iso har Nijar: a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga bisa baƙin faifai kiɗan ogan na lantarki da Mamman Sani Abdoulaye ya ɗauka a Yamai a 1978.

Aikin Fela kansa, faya-fayai fiye da 40, kamfanin Knitting Factory na New York ya ɗauki nauyin sabunta shi tare da iyalinsa. Ana fitar da su ɗai-ɗai, ana kuma haɗa su cikin akwatuna, kowane akwati wani sananne ne yake zaɓen abin da za a sa ciki. Na farko Questlove ya zaɓa, na biyu Ginger Baker, na uku Brian Eno a 2014, na huɗu Erykah Badu a 2017, na biyar Chris Martin da Femi Kuti a 2021, na shida Idris Elba a 2023. Ana buga su da rigunansu na asali, zanen Lemi Ghariokwu yana nan yadda yake. Kasuwar ma ta samu, gama a 2022 baƙin faifan da aka sayar a Amurka ya kai miliyan 41, ya ɗara CD yawa, abin da ba a gani ba tun 1987.

Gidan kuma bai mutu ba. Ɗiyarsa Yeni ta fara bikin tunawa da shi, Felabration, a 1998, ana yinsa cikin watan Oktoba. Ita da Femi suka buɗe sabon Shrine a Ikeja a 2000, wanda shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarta a watan Yuli 2018. Ɗansa Seun, wanda aka haifa a 1983, ya gaji ƙungiyar Egypt 80 yana ɗan shekara 14. An yi wasan kwaikwayo kan rayuwarsa a manyan gidajen wasa na New York daga 2009, an kuma yi nunin kayansa da hotunansa a Paris daga 2022 zuwa 2023.

A 2025 hukumar da ke ba da kyautar Grammy a Amurka ta sa Zombie cikin jerin faya-fayan tarihi da take girmamawa. Shi ne faifan da aka ƙone Kalakuta saboda shi shekara 48 kafin nan. Sojan da ya sa wutar har yau ba a faɗi sunansa ba, faifan kuwa ana ta sake buga shi da sunan mai shi a goshinsa.